Ranar da Na Zama Tsibiri

Ni mutum ne mai ƙari a magana. Da bakina nake faɗa yanzu, tunda an daɗe ana faɗa a bayan idona. Ban taɓa yin ƙaryar da ta raba wani da dukiyarsa ba, ban taɓa shaidar zur ba. Amma in na ga kyanwa a hanya, kafin in isa gida ta zama uku, ɗaya har da ɗan kunne. Ban san lokacin da abin yake faruwa ba. Ina buɗe baki labarin yake kumbura kamar ƙullin da aka manta a rana.

Gyaran mukayyif nake yi a Jidda, wato na'urar sanyaya ɗaki, shekara goma sha wani abu ke nan tun da na baro Najeriya. Matata 'yar Hausawan Sudan ce, a unguwar Bani Malik ta nan Jidda aka haife ta. Mahaifinta mai agashe ne, tsire irin na can, kuma duk unguwar an san shi da abu biyu: yajinsa, da rashin yawan magana. In ya ce nama ya yi, ya yi. In ya ce saura kaɗan, to saura kaɗan. Irin mutumin da Allah ya ba ni a matsayin suruki ke nan.

Abin da ya kai matata bango taga ce. Muna zaune a wani ɗan gida a unguwar Safa, hawa na biyu. A wajen wani biki na ce wa mazajen ƙawayenta daga tagar ɗakinmu ana hango teku, da yamma har jiragen ruwa muke ƙirgawa. Wata Juma'a bayan la'asar sai ga mata bakwai da filas-filas na shayi sun zo kallon teku. Tagarmu bangon maƙwabci take kallo, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, kuma ruwan da ake gani daga nan shi ne wanda ke ɗiga daga mukayyif ɗinsa, wanda ni na ɗaura shi a karkace. Matata ta jera musu kujeru. Suka zauna suka kalli bangon har suka shanye shayinsu. Washegari ta haɗa akwati. Gidan da ake daka yaji safe da yamma, can ta yi yaji.

Na je biko sau biyu. Duka biyun na tarar da surukina yana soke nama a tsinke, na durƙusa na yi bayani mai tsawo, yana saurare bai ɗago ba. A na biyun ne ya ce shi bai riƙe ta ba, bai kuma kore ta ba. Sannan ya ajiye tsinken.

“Ranar da ka ba ni labari ɗaya, daga farko har ƙarshe, ba ka ƙara masa ko ƙwayar gishiri ba, zan ce ta bi ka.”

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ko jiya sai da wani likita ya yaba min gaskiyata. Ya dube ni. Na miƙe na tafi.

A cikin satin aka kira ni gyara a gidan wani Balarabe mai jirgin ruwa na haya, irin ƙaramin nan mai inji biyu da ake ɗaukar mutane yawon shaƙatawa. Na gyara masa abin da mutum uku suka kasa. Wannan gaskiya ne, sai dai mutum biyu ne. Ya ji daɗi, ya ce in zaɓi rana a tsakiyar mako in ɗauki jirgin da matuƙinsa yini guda, in kai iyalina jazirat Bayada. Jazira dai tsibiri ke nan, ko ni na san wannan. Ya nuna min hoto a wayarsa: teku shuɗi, a tsakiya wani fili fari tas. Na ga farin, na ce a raina rairayi ne. Rairayin ne kuwa. Abin da ban tambaya ba shi ne a ina yake.

Na tafi biko na uku da niyya mai kyau, Allah ya sani. Tun daga Safa har Bani Malik nake maimaita jimla ɗaya a mota: an ba ni jirgi, ban san wurin ba, ku zo mu gani tare. Na durƙusa, na faɗi rabin farko daidai. Sai surukina ya tambaye ni ko na taɓa zuwa. Na ji bakina ya ce sau uku.

Daga nan ban iya tsayawa ba. Na ce akwai itatuwan dabino goma sha biyu a jere. Akwai ɗan masallaci mai farin fenti. Akwai rijiya mai ruwan daɗi, sai dai ba ta da guga. Akwai wani tsoho ɗan Yaman da ke gadin wurin shi da akuyarsa, mun saba sosai, in ya gan ni har rungume ni yake.

Surukina ya ce shekara arba'in yana gasa wa masu zuwa bakin teku nama, shi bai taɓa hawa kansa ba, in ban da ranar da ya zo daga Sudan, a can ƙasan jirgi inda bai ga komai ba sai ƙafafun mutane. Zai rufe shago yini ɗaya. Zai gasa mana agashe a ƙarƙashin dabino.

Ƙanin matata yana zaune a gefe yana danna waya. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, haihuwar Jidda, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, kuma tun da na auri yayarsa bai taɓa barin wata dama ta tsokanata ta wuce shi ba. Ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci.

“Bayada? Ma sha Allah, ya nasib, mijin yaya. Ni ma zan zo in ga dabinon.”

Ranar Talata da hantsi muka isa inda jiragen suke a Abhur. Matata ta ce ba za ta je ba, ta riga ta ga teku ta taga. Mu uku ne, da kayan surukina: tabarmi uku, darduma, rabin buhun gawayi, ƙaramin murhun ƙarfe, babban tire, kula cike da naman da ya kwana cikin yaji, butoci biyu, tukunyar shayi. Sai guga da igiya, saboda rijiyar. Sai damin harawa, saboda akuyar. Sai kwalbar turare da ya naɗe a takarda, tsarabar tsoho mai gadi. Ni na yi ta jigilarsu daga mota zuwa jirgi, sawu shida, harawar tana shiga min wuya.

Matuƙin, wanda ake ce wa rayyis, wani siririn mutum ne da rana ta gama da shi. Ya kalli kayan, ya kalle mu, ya tambaya ko hijira za mu yi. Na yi dariya da ƙarfi don kada surukina ya amsa. Masu gadin teku suka duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ɗaya bayan ɗaya. Ɗayansu ya daɗe yana kallon gugan, ya buɗe baki kamar zai yi tambaya, sai ya fasa, ya ce mu tafi lafiya.

Surukina ya zauna a gaba cikin farar jallabiya da rawani, an ɗaura masa rigar ceto ruwan lemo a kai. Bai ji tsoro ba, bai yi amai ba. Ni na yi duka biyun, a ɓoye, ta bayan buhun gawayi. Jidda ta yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har dogayen gine-ginenta suka koma kamar haƙoran mataji. A nan ne na yi wani abu da har yau nake istigfari a kansa. Na roƙi Allah ya sa a samu dabino. Ban ce goma sha biyu ba, na ce ko uku ne zan san yadda zan yi da sauran. Ko kusa ban yi tunanin roƙon ƙasa ba. Ƙasa na ɗauka tana nan.

Bayan kamar awa ɗaya rayyis ya rage gudu, ya kashe inji, ya jefa ƙarfen tsayawa. Ya ce mun iso.

Ruwan wurin ya canza launi, daga shuɗi mai duhu ya koma wani kore-kore mai haske, har kana ganin ƙasansa. Na duba gabas, na duba yamma. Ruwa. Na hau kan kula na sake dubawa. Farin filin nan na cikin hoto yana nan, ga shi a ƙarƙashinmu, ruwa ya rufe shi ruf.

Surukina ya riga ya ɗauki tabarma ɗaya ya saɓa a kafaɗa.

Na ce ba nan ba ne. Na ce rayyis ya yi kuskure, namu yana gaba. Rayyis ya ɗaga kafaɗa ya ce akwai wani wurin, masu nutso suna son shi. Muka ƙara tafiyar minti ashirin. A wuri na biyu akwai abu ɗaya da ya fito saman ruwa: wani dogon ƙarfe mai tsatsa da aka kafa don jirage su san akwai duwatsu, da farin tsuntsu a kansa. Surukina ya daɗe yana kallonsa.

“Wannan dabinon ne, ko hasumiyar masallacin?”

Na ce ruwa ne ya cika, lokacin cikarsa ne, in ya janye komai zai fito. Ya juya ya tambayi rayyis da Larabcin da ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Rayyis ya ce cikar ruwa a nan ba ta wuce tsawon hannu, kuma shi tun yana saurayi yake zuwa, bai taɓa ganin abin da za a shimfiɗa ko hankici a kai ba. Suna dai ce masa jazira ne saboda an saba. Ƙanin matata ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa.

Wani mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ce a gwada na uku.

A wuri na uku mun tarar da wani jirgin, kewaye da shi mutane kusan goma kwance rub da ciki a kan ruwa, ba sa motsi, kowanne da ɗan bututu a tsaye kusa da kunnensa. Surukina ya fara salati a hankali, ya ɗauka gawarwaki ne. Sai ɗaya ta ɗaga hannu ta yi wa 'yar'uwarta alama. Ƙanin matata ya yi masa bayani cewa kallon kifi suke, gilashi ne a fuskarsu, ta bututun suke numfashi. Surukina ya ce Allah ya kyauta. Sannan ya sauke tabarmar daga kafaɗa, ya naɗe ta da kyau, ya zauna a kanta. Ya tambayi sunan wurin kuma. Aka ce Bayada.

“Ba ya da,” ya ce, yana ƙirgawa da yatsu. “Ba ya da dabino. Ba ya da masallaci. Ba ya da rijiya. Ai sunan ma da Hausa aka raɗa shi, kai ne ba ka saurara ba.”

Na sauka daga kan kula na durƙusa a tsakanin butoci. Na ce, Baba, ban taɓa zuwa ba. Ko sau ɗaya.

Ya ce ya sani tun daga akuyar. Da na tsaya a dabino da ya yarda, amma ina kawo akuya ya gane. Na tambaye shi, cikin ladabi, to me ya sa ya sayo harawa. Ya ce don in ɗauka.

“Amma ƙasa,” ya ce, muryarsa ta sauka. “Wallahi na ɗauka akwai ƙasa. Ban taɓa zaton mutum zai ƙirƙiri ƙasa ba.”

Ya dubi ɗansa ya tambaye shi ko ya sani. Ya ce ya sani mana, ya zo nan da abokansa ya fi sau biyar, amma ba wanda ya tambaye shi.

Muka yi azahar a cikin jirgi, a takure, rayyis ya nuna mana gabas. Da muka idar surukina ya buɗe kula ya shinshina naman. Ya ce wannan nama ba zai koma Bani Malik ɗanye ba, bai taɓa mayar da nama ɗanye gida ba tun da ya fara sana'a. Rayyis ya ce wuta a jirginsa mamnu', wato an hana, ga tankin fetur nan a ƙarƙashin inda muke zaune. Surukina ya tambaya, a cikin ruwa fa? Rayyis ya ce teku ba nasa ba ne.

Sai surukina ya cire rigar ceto, ya tattare jallabiyarsa ya ɗaure a ƙugu, ya bi ɗan tsanin bayan jirgi ya sauka. Ruwan ya tsaya masa a cibiya. Ya taka nesa da jirgin kamar taku ashirin, kusa da wani dutse mai rassa da ke ƙarƙashin ruwa, ya gwada ƙasan da ƙafa, ya yafito ni. Ban iya iyo ba, duk da na sha gaya wa mutane cewa na taɓa ƙetare kogin Kaduna da damina. Na sauka ina riƙe da igiyar guga.

“Ba biko ka zo ba?” ya ce. “Mai biko durƙusawa yake. Ka ce akwai tsibiri. To kai ne.”

Na durƙusa. Ruwan ya kawo min haɓa. Ƙanin matata ya jiƙa tawul biyu ya naɗa gammo mai kauri ya ɗora min a ka, ya ɗora tire a kan gammon, ya ɗora murhu a kan tiren, yana yi yana cewa yalla ya jazira, kada ka motsa. Tsayin ya zo wa surukina daidai, kamar teburinsa na shago. Aka zuba gawayi aka hura. Na riƙe gefen tiren da hannu biyu.

Matsalar ita ce igiyar ruwa. Duk wadda ta zo sai ta shiga min hanci, in yi tari, murhu ya girgiza, surukina ya ce tsibirin nan yana da girgizar ƙasa. A karo na huɗu ƙanin matata ya koma jirgi ya karɓo gilashin fuska da bututu daga wajen rayyis. Ya ɗaura min, ya cusa min robar a baki, ya ce in cije. Na so in ce na gode, sai wani gurnani ya fito ta sama.

“Wannan bututun,” in ji surukina, “tun ranar ɗaurin aure ya kamata a ba ka shi.”

Tun da na fara magana ina yaro ban taɓa yin shiru na awa guda ido biyu ba sai ranar. Da na ga numfashi ya samu, na ƙara nutsewa kaɗan don cinyoyina su huta, ruwan ya haura gilashin. Abin da na fara gani ƙwaurin surukina ne, abin da bai kamata suruki ya gani ba. Na kawar da ido gefe.

Garin ƙuli da yaji yana zubowa daga sama kamar yayyafi, kifaye suka taru. Na farko ƙanana ne masu ratsin baƙi da fari, sun zo da yawa suna ture juna kamar masu hawa bas. Sai wani rawaya, faffaɗa kamar an guge shi da dutsen guga, yana da ɗigo baƙi kusa da wutsiya, ka rasa ina ne gabansa. Sai wani dogo siriri kamar tsinken agashe, ya tsaya cak yana kallona. A jikin dutsen nan mai rassa akwai wani abu mai leɓɓa shuɗɗa masu kauri, yana buɗewa yana rufewa, shi ma ba ya cewa komai. Can sai wani faifai ya tashi daga cikin rairayi, mai ɗigo-ɗigo shuɗi a baya da doguwar wutsiya, ya kaɗa gefensa ya wuce ta gaban gwiwata.

Sannan babban ya zo. Kore da shuɗi da ɗan ja, kamar zanen biki, bakinsa sak bakin aku. Bai kula garin ƙuli ba. Ya nufi dutsen ya gatsa. Na ji ƙarar a cikin kunnena, ƙurus ƙurus, kamar tsohuwa tana cin aya. Ya gatsa, ya tauna, ya juya, sai ga farin rairayi yana fita ta bayansa, yana sauka a hankali a kan wanda nake durƙushe a kai.

A sama kuwa ana ta cin nama. Ina jin ƙamshi ta bututu. Rayyis ya sauko ya ci, har mutum biyu daga wancan jirgin suka iyo suka zo, surukina ya ba su tsinke bibbiyu kyauta, suka ɗauki hotona. Wani garwashi ya gangaro ya sauka a inda gammo bai rufe ba, a bayan kaina. Ban motsa ba. Ban san daga ina na samu wannan haƙurin ba, ina jin kifin ne ya ɗauke min hankali.

Da aka gama aka sauke murhu, surukina da kansa ya zare min bututun. Ya ce tunda na daɗe a ƙasa, ga dama ta samu. In faɗa masa abin da na gani, kada in ƙara.

Na tsaya a gabansa ruwa yana zuba daga kunnuwana, na faɗa. A hankali na yi, ina auna kowace kalma kamar mai ɗaura waya da wuta a jiki. Masu ratsi na ce da yawa, ban faɗi adadi ba. Faifan ma na bar shi, don na san ba zai shiga ba. Da na zo kan babban sai na ga fuskarsa tana rufewa.

“Kifi mai bakin aku.”

“E, Baba.”

“Yana cin dutse.”

“E.”

“Yana kashin rairayi. Wato wannan da muke tsaye a kai.”

“Ban ce duka ba, Baba.”

Ya ce halas, magana ta ƙare. Ya ce ya ɗora min wuta a ka awa guda ko za ta ƙone abin, ashe a jini yake. Yarinya za ta zauna a gidan ubanta. Ya juya zai koma jirgi.

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Na yi ƙarya sau dubu an yarda, yau na faɗi gaskiya har da ragi an ce halas. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi, don duk rantsuwar da na sani na riga na ɓata ta a kan ƙananan abubuwa. Na tsaya da gilashi a goshi kawai.

Ƙanin matata ne ya tare shi. Ban taɓa tsammanin taimako daga wajensa ba, kuma daga baya ya ce min ba don ni ya yi ba, ya gaji ne da yayarsa ta mamaye ɗakin da yake ajiye kaya. Ya ce wa mahaifinsa, ya abuya, ba sai an yi gardama ba, kifin yana nan, ka leƙa da kanka. Surukina ya ce shi da girmansa ba zai kwanta kamar gawa ba. Ɗansa ya ce ba sai ya kwanta ba, ya sunkuya kawai.

Surukina ya kwance rawaninsa ya miƙo min in riƙe. Aka ɗaura masa gilashin, gashin baki ya hana shi zama, aka shafa masa ɗan man naman da ya rage. Ya cije bututu, ya yi bismillah ta cikinsa, ya sunkuya.

Ya daɗe. Ya ɗago yana tari, bai kalli kowa ba, ya sake komawa. Sai muka ga ya saki ƙafa, jallabiya ta baje a kan ruwa, ya kwanta rub da ciki kamar waɗancan. Ɗansa ya riƙe shi ta ƙugu yana jan shi a hankali kewaye da dutsen. Rayyis ya kira mu sau uku. Sai da aka ce la'asar za ta wuce sannan ya yarda ya fito, yatsunsa duk sun yamutse.

A hanyar komawa ya zauna kusa da ni a kan damin harawa. Da muka yi nisa ya juyo gare ni.

“Ba ka faɗi mai kama da faifai ba.”

Na ce na ji tsoro ne. Ya ce ragi ma laifi ne, amma a wajena sabon laifi ne. Bai ambaci matata ba. Turaren tsoho mai gadi ya ba rayyis.

Mun isa Bani Malik ana kiran isha'i. Bayan salla aka shimfiɗa tabarma a falo, ɗaya daga cikin ukun da suka je teku suka dawo a bushe. Surukata ta kawo shayi, matata tana bayan labule inda take tsayawa duk lokacin da na zo. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a jere sai ga shi yana ba da labari da hannu da ƙafa. Ya faɗi masu ratsi, ya ce sun kai dubu. Ya faɗi mai leɓɓa, ya ce har murmushi ya yi masa. Surukata ta ajiye kofi ta taɓa goshinsa, ta ce rana ce ta buge shi, a kawo ruwan sanyi. Da ya zo kan mai bakin aku ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa ya ce ya kai rago, ragon layya.

Daga bayan labule matata ta ce, “Baba, kai ma?”

Ransa ya ɓaci. Ya ce yana da shaida. Ya waiwaya neman ɗansa, ya tarar ya fita. Sai ni.

“Faɗa musu. Bai kai rago ba?”

Ga surukina, a gidansa, a gaban iyalinsa, ya ba ni abin da na fi iyawa a duniya. Kalma ɗaya ce. Har ina da ƙahonin da zan ƙara wa kifin, sun riga sun zo min baki. Na ji harshena yana neman robar nan ya cije. Na sunkuyar da kai, na miƙa hannuna, na nuna daga yatsa zuwa gwiwar hannu.

“Bai kai ba, Baba. Iyakarsa nan.”

Sai na ji wani sauti daga bayan labule, irin na wanda ya toshe baki da mayafi. Surukina ya kalli hannuna, ya kalli nasa da har yanzu suke a buɗe, ya sauke su a hankali ya ɗauki shayinsa.

“Ke,” ya ce wa labulen, “ɗauko akwatinki ki bi shi, tun bai gama ƙaryata ni a gidana ba.”

Muka hau mota har muka shiga Safa. Sannan ta tambaya ko da gaske kifin yana cin dutse. Na ce e. Ta ce za ta je ta gani da idonta, ba don ba ta yarda ba.

Har yau akwai wani ɗan wuri a bayan kaina, faɗin kwabo, inda gashi bai sake fitowa ba. In masu aski suka tambaya ina gaya musu yadda aka yi, murhu da tire da komai, su yi dariya su ce Malam ka iya labari. Ba na rantsuwa. Harawar kuwa ta yi wata biyu a bayan motata, don ban san mai akuya ko ɗaya a Jidda ba.

Ban warke duka ba. Da na gama wannan rubutu na karanta wa matata, ta saurara har ƙarshe, ta ce komai daidai ne sai abu ɗaya. Matan da suka zo kallon teku biyar ne.

Biyar ne. Na bar bakwai ɗin a inda yake don ku ga yadda abin yake zuwa.